Batirin masallacinmu ya mutu cikin shekara ɗaya: a koya wa yaranmu lissafin sola tun daga aji



Shekara biyu da suka wuce, ana saura wata ɗaya azumi, jama'ar masallacin unguwarmu a nan Kumasi suka ce sun gaji da ɗauke wuta ana tsakiyar Tarawihi. Liman yana cikin karatu sai lasifika ta yi shiru, matan da ke sahun baya ba su san an yi ruku'u ba, zafi kuma ya sa tsofaffi suna fita kafin a idar. Aka yanke shawara a sa sola. Aka buɗe littafin gudummawa. Mai koko da ƙosai ta kawo sidi 20 ɗinta, mai tuƙa aboboya ya kawo 50, 'yan uwanmu da ke Italiya da Amurka suka aiko da nasu. Aka sayi faranti biyu, manyan batira biyu da inbata. Ranar da aka kunna, har kabbara aka yi.

Bayan wata biyar inbata ta fara kuka tun kafin a sallame Isha. Kafin wani azumin ya zagayo batiran sun mutu murus, ko ƙwan fitila ba sa iya riƙewa na awa ɗaya. Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce wanda ya haɗa mana ya cuce mu da tsofaffin kaya. Wasu suka ce kwamiti ya ci kuɗi. Wasu kuwa suka ce ai dama sola yaudara ce, da janareta aka saya da an huta. Akwai dattawa biyu, abokan juna tun suna samari, da suka yi watanni suna sallah a sahu ɗaya ba sa gaisawa saboda wannan batu.

Ni ne sakataren wancan kwamiti. An sa ni ne don ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, wai ni ne ɗan bokon da zai duba takarda. Na duba kuwa. Na duba farashi, na duba rasit, na sa hannu. Lissafin minti goma da zai nuna mana tun ranar farko cewa batiran nan ba za su kai shekara ba, shi ne ban yi ba, don ban san ana yin sa ba. Wannan abin kunya ne ga malamin kimiyya, amma gara in faɗa da bakina, domin na tabbata ba masallacinmu kaɗai wannan ta faru da shi ba.

Ga lissafin, mai karatu, kuma wallahi bai fi ƙarfin yaron da ya iya sau da tarawa ba. Kowane abu mai amfani da lantarki yana da adadin wat da yake sha, an rubuta a jikinsa. Idan ka ninka wat ɗin da yawan awannin da yake a kunne, ka samu abin da ya cinye a yini. Masallacinmu na da fankar sama shida, kowace tana shan kimanin wat 70, wato 420. Ƙwan fitila goma masu wat 10, wato 100. Na'urar lasifika ita ma kimanin 100. Jimla wat 620. A cikin azumi, daga salloli biyar zuwa Tarawihi da Tahajjud, kayan nan suna yin aƙalla awa 6 a kunne. Wat 620 sau 6 ya ba mu 3,720. Wannan shi ne cefanen masallaci na kullum.

To me ke shigowa? Farantanmu biyu ne, kowane wat 300, wato 600. Mutum zai ɗauka tunda rana tana yin awa goma sha biyu a sama, to awa goma sha biyu faranti yake aiki. Ba haka ba ne. Hasken safe da na yamma raunana ne, ga hadari, ga hazo. Idan aka dunƙule hasken yini guda ya zama tamkar rana tsaka, a yankin Kumasi bai wuce awa 4 zuwa 4 da rabi ba, a arewa kamar Wa da Navrongo yakan haura 5. Mu ɗauki 4. Wat 600 sau 4 ya ba mu 2,400. Daga ciki kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yana salwanta a waya da inbata da zafin rufi da ƙura. Abin da ya rage kimanin 1,800 ne. Ke nan gidan da ake samun 1,800 kullum, ana kashe 3,720. Wane gida ne zai ɗore a haka?

Giɓin kuwa daga batir ake ciro shi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 200 a jikinsa yana ɗaukar 12 sau 200, wato 2,400. Biyu sun zama 4,800. Sai dai irin batirin dalma da muka saya, ƙa'idarsa kada a riƙa cinye fiye da rabinsa, kuma a bar shi ya cika kafin a sake ɗiba. Mu kuwa kullum sai mun tatse shi har ƙasa, kashegari kuma bai samu ko rabin ciki ba an sake hawa kansa. Ƙari a kan haka, an ajiye batiran a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da babu taga, alhali zafi yana rage wa batir kwana. Ba wanda ya taɓa hawa ya share farantan duk tsawon hunturu. Wata rana ma na tarar an jona butar dafa ruwa ana haɗa shayi, abin da shi kaɗai ya fi dukan fankokin masallacin shan wuta sau uku. Wanda ya haɗa mana yana da nasa laifin, don ya kamata ya tambaye mu me za mu ɗora, bai tambaya ba. Amma mu ma ba mu san abin da za mu tambaye shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin cewa ilimin makamashi mai sabuntuwa, matakinsa na farko, bai kamata a bar shi sai jami'a ba. Ya kamata ya shiga ajin ƙaramar sakandare da makarantun Islamiyya na Zango, kuma a koyar da shi da hannu da lissafi, yaro ya taɓa waya, ya riƙe mita, ya auna. Na san wani malami zai ce ai yana cikin manhaja. Gaskiya ne, yana ciki. Ni kaina nakan rubuta a allo: makamashin da ke sabuntuwa shi ne na rana, iska, ruwa da tsirrai, wanda ba ya sabuntuwa shi ne fetur, gas da kwal. Yara su haddace, su zuba a jarrabawar BECE, su ci maki, shi ke nan. Ko a kwalejin horon malamai da na yi, zanen farantin sola muka yi a takarda, ban taɓa riƙe na gaske ba har na karɓi shaidar kammalawa. Yaron da ya ci wannan tambaya a jarrabawa, idan mahaifiyarsa ta ce ya duba mata ko fitilar solar da za ta saya ta isa ta haska teburin sana'arta har ƙarfe goma na dare, ba shi da amsa. To karatun wa ya amfana?

Bari mu koma baya kaɗan, don ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin makamashi mai sabuntuwa, alherinsa da ɗacinsa. An kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a farkon 1966. Tafkin Volta da ta haifar ya kai murabba'in kilomita kusan 8,500, yana cikin mafi girman tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Aka ƙara ta Kpong a 1982, sannan ta Bui mai megawat 400 a 2013. Shekaru da yawa Ghana tana kunna fitila da ƙarfin ruwan sama da ya sauka a Burkina Faso da arewacin ƙasar nan ya gangaro. Wannan ni'ima ce babba. Amma domin a cika tafkin, sai da aka tayar da mutane kusan 80,000 daga garuruwansu da gonakinsu da makabartun iyayensu. Kaso mai tsoka na wutar kuma ya daɗe yana tafiya masana'antar narka sanholo ta Tema a kan farashi mai rahusa, ƙauyuka da dama na bakin tafkin suna kwana cikin duhu. A watan Satumba da Oktoba na 2023, da ruwa ya cika madatsar aka buɗe ƙofofinta, mun ga yadda Mepe da garuruwan da ke kusa da ita suka nutse, dubban mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Darasi na farko ke nan da nake so yaro ya riƙe: don an ce abu mai sabuntuwa ne, ba ya nufin babu wanda ya biya kuɗinsa.

Darasi na biyu shi ne dogaro da ƙafa ɗaya. Duk shekarar da damina ta gaza, tafkin yakan ja baya, wuta ta yi ƙaranci. An gani a farin 1983, an gani a 1998, an sake gani a 2007. Sai ƙasa ta karkata ga tashoshin da ke ƙona gas da mai a Aboadze da Tema, har ya zama yau fiye da rabin lantarkinmu daga can yake fitowa. A watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas da ke zuwa daga Najeriya a gaɓar tekun Togo, daga nan muka shiga dumso, kashe-kunna kamar yadda kalmar take nufi a Turanci namu na titi da harshen Asante. Wanda ya yi sana'a a 2015 bai manta ba: a ɗauke awa 24, a kawo awa 12. Tela ya zauna yana kallon kekensa, mai walda ya rufe shago, mai sayar da ruwan sanyi da sobolo ta yi asarar jarinta. Mu a Zango, inda yawancin mutane abin da suka samu yau shi za su ci yau, mun fi kowa jin zafin abin.

Gwamnati ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa a 2011, da burin kashi 10 cikin 100 na lantarkin ƙasa ya riƙa fitowa daga sababbin hanyoyi irin su rana da iska kafin 2020. Ba a cim ma burin ba, aka ɗaga shi zuwa 2030. Duk da haka an fara. An buɗe tashar sola ta Navrongo a 2013, aka yi ta Lawra da ta Kaleo a Jihar Yamma ta Sama, a Bui kuma har farantai aka shimfiɗa a kan ruwan madatsar. A cikin gari ma kowa yana gani: asibitoci masu zaman kansu, gidajen mai, shagunan sayar da magani, fitilun titi, famfunan burtsatse, duk sun fara ɗora faranti. Tambayar da nake yi wa iyayen Zango ita ce, wa zai hau rufin nan ya ɗaura? Wa za a kira idan ya lalace? Wa zai zauna ya yi wa mai gida lissafin girman abin da ya kamata ya saya?

Ba mu da uzurin cewa yaranmu ba su da hannu. Duk wanda ya shiga Magazin ta Suwame ya ga yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna kwance injin mota su mayar, suna bin wayar mota har su gano inda ta yanke, ya san basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Mai gyaran wayar mota ya riga ya san bolt 12, ya san batir, ya san fis. Tsakaninsa da zama ƙwararren mai haɗa sola, ɗan lissafi ne da ɗan karatun takarda, sai kuma shaidar da Hukumar Makamashi take ba masu haɗa wayar lantarki bayan jarrabawa. Wannan ɗan lissafin ne muke hana yaranmu idan muka cire su daga aji da wuri, ko muka bar su suna hadda ba fahimta. Sakamakon haka, mu ne a ƙarshen layi. Wani ya shigo da kaya, wani ya ɗaura, wani ya karɓi kwangilar kula da su, idan sun mutu sai namu ya zo da kura yana kiran kondem, ya saya ya fasa.

Nan ne maganar ɗorewa ta shigo, kuma nan ne abin ya fi damuna. Farantin sola mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Batirin dalma kuwa, ko an kula da shi, 'yan shekaru ne. Ina yake tafiya idan ya mutu? Namu na masallaci, kafin kwamiti ya zauna, an riga an sayar wa masu kondem. Na san abin da ke biyo baya don na sha gani: a fasa murfi da guduma, a tuttular da ruwan batir a kwata, a ciro dalmar a tara a buhu, wani lokaci a narka ta a fili kusa da inda yara ke wasa, mata ke soya wara. Dalma guba ce da ba ta da wari, ba ta sa zazzaɓi nan take, amma tana taruwa a jikin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta dushe fahimtarsa har abada. Masu sauraron rediyon Hausa sun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. A Accra kuma, da aka rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021, sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi ta shiga unguwanni, kuma yawancin samarin da ke cikinta 'yan uwanmu ne daga arewa. Idan sola ta yawaita ba tare da an san inda za a kai mataccen batir ba, to mun rage hayaƙin janareta mun ƙara guba a kwatar ƙofar gida. Yaron da aka koya wa wannan tun yana aji biyu ba zai bari ƙaninsa ya yi wasa da fasasshen batir ba, kuma in ya girma ya shiga sana'ar kondem, zai san ya sayar da batirin a rufe ga masu sarrafa shi, ba ya fasa da hannu ba.

Kada kuma mu taƙaita maganar ga lantarki. Makamashin da gidajenmu suka fi ci shi ne na girki. Tuwon zafi, waken safe, koko, duk a kan gawayi da itace suke nuna. Manyan motoci suna saukowa daga Kintampo da Techiman maƙare da buhuna ba dare ba rana. A littafin makaranta an rubuta itace cikin makamashi mai sabuntuwa. To amma yana sabuntuwa ne idan ana dasawa gwargwadon yadda ake sarewa. Buhun gawayi ɗaya da aka ƙona a ramin gargajiya yana cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Kaɗanya kuwa, wadda masu gawayi ke so saboda ƙarfin garwashinta, takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma da man kaɗenta mata da yawa a arewa ke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Ana sare ta cikin awa ɗaya. A 2021 aka fara ware rana guda ta dashen bishiyoyi a ƙasar nan, aka riƙa raba tsirrai miliyoyi. Mu ma mun dasa a harabar makaranta, muka ɗauki hoto, aka tafi hutu, awaki suka gama da su. Dasawa ba wuya, ban ruwa da killacewa har shekara uku shi ne aikin.

A nan ma akwai gwajin da kowane aji zai iya yi ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A kawo kurfoti na ƙarfe da aka saba da shi, a kawo murhu mai yumɓu a ciki irin Gyapa, a auna gawayi daidai wa daida, a ɗora tukunya iri ɗaya da ruwa lita biyu, a ga wanne ya riga tafasa, a auna gawayin da ya rage. Yara su rubuta da hannunsu, su ninka da kwana 30, su kai wa iyayensu mata lissafin sidin da za a rage a wata. Haka nan za a iya zuba kashin shanu da ruwa a jarka a rufe, a ɗaura balan-balan a bakinta, a ajiye a wuri mai ɗumi, bayan kwanaki yara su ga ta kumbura. Wannan iskar ita ce gas da ake girki da shi a wuraren da ke da tankin ruɓar da shara, kuma a Ashaiman akwai wurin da ake mayar da bahaya da sharar kasuwa su zama lantarki da taki. Unguwannin da ke fama da cikar banɗakin haya da tarin shara a bakin kasuwa, ai su ya fi kamata su san da wannan.

Na san abin da za a ce. Na farko, malami ba shi da kayan aiki. Gaskiya ne, ajina ma ba ya da soket mai aiki. Amma ƙaramin faranti mai wat 10, tsohon batirin babur, ƙwan fitila da mitar gwajin wuta, kuɗinsu bai kai abin da ake kashewa a kujeru da rumfa a walimar sauka ɗaya ba. Da su kaɗai yaro zai ga cewa idan ya rufe kusurwar faranti da tafin hannu wuta tana faɗuwa sosai, wanda ke nufin inuwar reshen mangwaro ko hasumiya ba abin rainawa ba ce. Zai ga bambancin faranti mai ƙura da wanda aka goge. Zai gane dalilin da ya sa ake ɗan karkata shi, a nan ƙasar ya fuskanci kudu, don ya samu rana kuma ruwan sama ya wanke shi. Zai auna batir ya san cewa idan yana hutawa ya nuna kusan 12.7 a cike yake, idan ya sauka wajen 12.1 ya kai rabi, a ƙyale shi.

Na biyu, wasu malamanmu na makaranta za su ce lokacin karatun addini ƙalilan ne, kada a cusa masa boko. Ina girmama wannan damuwa, ni ma ta hannunsu na bi. Amma Malam, fankar da ke kanka da lasifikar da ake kiran sallah da ita dukiyar waƙafi ce, amana ce ta talakawan da suka tara. Addininmu ya hana almubazzaranci, ya yi umarni da tsare amana, ya kwaɗaitar da sadaka mai gudana. Sadakar da ta mutu cikin wata goma saboda sakaci, ta gudana ina? Ba na cewa a rage hadda ko fiƙihu. Awa ɗaya a ranar Asabar ko Lahadi, a haɗa babin amana da almubazzaranci da lissafin wutar masallacin da yaran ke sallah a ciki, ya wadatar a fara.

Na uku, za a ce wannan aikin gwamnati ne, ta gyara wuta kawai mu huta. Haƙƙinmu ne mu nema, kuma mu ci gaba da nema. Sola ta gida ba za ta maye gurbin layin ƙasa ba. Ba za ta ɗauki injin walda ko injin niƙa da araha ba, kuma kuɗin farko yana da nauyi, musamman batirin litiyom da ya fi daɗewa kuma ya fi jure tatsa, amma ya fi tsada nesa. Duk wanda ya ce maka da faranti biyu za ka rabu da mita har abada, kuɗinka yake so. Ilimin da nake magana a kai shi ne ma zai sa mutum ya san lokacin da sola ta dace da shi da lokacin da ba ta dace ba. Wani abin da yake buƙata kawai ya canza tsofaffin ƙwayayen fitila, ya sayi fanka mai ƙarancin shan wuta, kuɗin katinsa na wata ya ragu ba tare da ya sayi faranti ko ɗaya ba. Kuma jama'ar da ta san bambancin wat da megawat ita ce za ta iya yi wa ɗan siyasa tambaya idan ya zo neman ƙuri'a da alkawarin fitilun titi: wa zai canza batirinsu bayan shekara uku, kuma daga wane asusu? Ku duba titunan unguwanninmu ku ƙirga sandunan fitilar sola da ke tsaye ba haske.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori huɗu. Sashen Ilimin Musulunci da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa ya shirya wa malaman kimiyya na makarantunsa bita ta kwana biyu ko uku a lokacin hutu, a gayyato masu haɗa sola masu shaida su koya mana da kayan gaske. Asusun Raya Zango, da ƙungiyoyin matasanmu na gida da na waje, idan za su ba makaranta ko masallaci sola, su sa horar da mutum biyu na unguwar da tanadin kuɗin canjin batir a cikin kasafin tun farko. Kwamitocin masallatai kada su sake sayen ko waya ɗaya sai an rubuta jerin abin da za a kunna da awanninsa, an manna shi a bango kusa da inbata. Iyaye kuma, idan yaro ya gama ƙaramar sakandare yana son aikin lantarki, kada a ɗauki makarantar fasaha a matsayin wurin waɗanda suka faɗi. Kuma a bar 'yan mata su shiga. A ajina, wadda ta fara gano cewa cefanen masallacinmu ya ninka abin da ke shigowa yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, mahaifiyarta na sayar da gawayi. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan ko Mamana ba za ta yarda da irin cinikin nan ba."

Da takardar lissafin yaran na koma wajen kwamiti. Na karanta a gaban jama'a bayan sallar Isha, na ce kuɗi ba wanda ya ci, rashin sani ne, kuma ni ne na farko a cikin marasa sanin. Wani dattijo ya ce, "To Malam, da ka san haka me ya hana ka faɗa tun farko?" Na ce, "Baba, a lokacin ban sani ba." Ya yi shiru, sannan ya ce a sake buɗe littafi. Yanzu muna tarawa a hankali. Wannan karon za a fara da canza fankoki zuwa masu ƙarancin shan wuta, a ƙara farantai kafin a sayi batir, a fasa taga a ɗakin ajiya, a cire soket ɗin da ake jona buta. Ɗalibai biyu za su riƙa auna batir duk Juma'a suna rubutawa a littafi, wani saurayi mai koyon aikin lantarki zai riƙa hawa yana goge farantan. An kuma rubuta a littafin kwamiti cewa duk batirin da ya mutu a rufe za a mayar wa wanda ya sayar mana. Dattawan nan biyu sun fara gaisawa, ko da yake har yanzu gaisuwar gajera ce.

Idan masallacinku ko makarantarku na shirin sa sola kafin azumi mai zuwa, don Allah ku nemi takarda da biro tukuna. Ku ƙirga fankoki, ku duba wat, ku ninka da awa. Idan abin ya rikice muku, ku kira malamin kimiyyar unguwa, ku ce ya zo da ɗalibansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a cikin abin da talakawa suka tara, Ya amfanar da yaranmu da abin da suke karantawa. Amin.